Jan Gidan Bexleyheath da Shekarun da Ya Yi a Rabe

A shekarar 1952 wasu abokan aiki biyu, Ted Hollamby da Dick Toms, masu zanen gine-gine a majalisar gundumar Landan, suka sayi wani tsohon gida a Bexleyheath, can kudu maso gabashin birnin, a kan fam 3,500. Shekara 92 kafin nan, gina gidan ya ci kimanin fam 4,000. An yi yaƙin duniya har sau biyu a tsakani, darajar fam ta zube, amma sai ga gida ya tafi a ƙasa da kuɗin da aka gina shi. Gidan kuwa ba na yasarwa ba ne. Shi ne Red House, wato Jan Gida, wanda Philip Webb ya zana wa William Morris, kuma tun 1950 gwamnati ta sa shi a mataki na ɗaya cikin jerin gine-ginen da doka ta kare. Duk da haka ya zauna a rufe, ba mai tayawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka mutanen nan biyu suka kwaso matansu da 'ya'yansu suka tare a ciki, kowane iyali da nasa sashen.

Masu ba da tarihin gidan sukan daɗe a kan shekara biyar ɗin da Morris ya yi a cikinsa, in sun zo kan zaman iyali biyu sai su yi tsallen baɗake, kamar wani lokacin talauci ne da ya kamata a rufa wa gidan asiri a kansa. Ni ban ɗauke shi haka ba. A ganina shekarun da ya yi a rabe suna cikin abin da ya sa yake tsaye yau da kayansa a jikinsa, kuma su ne suka fi kusa da abin da mai gidan na farko ya so ya yi da shi Allah bai nufa ba.

Sai an san yadda ginin yake kafin a gane nauyin raba shi. Morris yana da shekara 25 lokacin da aka yi zanen a 1859, Webb kuma 28, wannan ne ma aikinsa na farko da sunan kansa. Sun saba ne a Oksfod, a ofishin mai zanen gine-gine George Edmund Street, Webb yana babban ma'aikaci, Morris yana ɗan koyo. Morris na da rufin asiri daga hannun jarin da mahaifinsa ya bari a wata mahaƙar tagulla a Devon, ga shi ango, ya auri Jane Burden a watan Afrilun shekarar. Ya sayi wani lambun tuffa a ƙauyen Upton, aka haƙa harsashi a inda ba sai an sare itatuwa da yawa ba, a 1860 suka tare.

A lokacin, gidan mai hali a bayan gari yana da kamar da kowa ya sani: a gina da bulo, a lulluɓe da farin shafe don ya yi kama da dutse, a sa ƙofa a tsakiya, tagogi daidai wa daida dama da hagu, a rufe da allon dutse mai ruwan toka daga Wales. Webb ya ƙi duk wannan. Ya bar jan bulonsa a fili, ba shafe ba fenti, ya ɗora masa dogon rufi mai gangara na jan tayil ɗin yumɓu, daga nan sunan ya samo asali. Ya shimfiɗa ginin a siffar harafin L, fiffike biyu suka haɗu a kusurwa suka rungumi ɗan tsakar gida, a ciki akwai rijiya da aka yi wa hula mai tsini, ita ma ta tayil.

Tsaya a bakin rijiyar ka dubi bango. Ba tagar da aka sa don ta yi layi da 'yar'uwarta. Ga doguwa, ga gajera, ga wasu zagayayyu a jere a saman bene suna haska lungun da ke bi ta gaban ɗakuna, ga na hasumiyar matakala a nasu tsayin. Kowace an huda ta ne a inda abin da ke bayanta yake bukatar haske. A saman da yawa daga cikinsu an ɗaure baka mai tsini da bulo, irin na tsofaffin majami'u, amma tagar kanta ta katako ce mai farin fenti, wadda ake turawa sama da ƙasa, ta gidajen Ingila na yau da kullum. Daga ciki aka faro tunanin ginin aka fito da shi waje. Dalilin ke nan da Bajamushen nan Hermann Muthesius, a littafinsa kan gidan Ingilishi da ya fara fitowa a 1904, ya kafa Jan Gida a farkon sabon salo.

A kusurwar da fiffiken biyu suka haɗu aka sa matakala, ita ce cibiyar gidan. Ta katakon oak ce, kuma ba a ɓoye yadda kafinta ya harhaɗa ta ba, daga ƙasa kana ganin bayan kowane taki. Ginshiƙanta suna miƙewa sama su ƙare da dogon tsini. In ka ɗaga kai, rufin hasumiyar a buɗe yake ta ciki, an zuba masa zane mai launi. In ka ƙura wa silin ido za ka ga ƙananan huji a jere, waɗanda aka soka tun filasta na ɗanye don in an zo fenti hannu ya bi layi. Masu fentin kuwa Morris ne da matarsa da abokansu, a ziyarar ƙarshen mako. Edward Burne-Jones ya zana hotunan biki a bangon babban falon sama, an shirya bakwai, uku ya gama. Dante Gabriel Rossetti da matarsa Elizabeth Siddal sun sa hannu. Jane ta yi ɗinkin ado a kan labulen bango. Manyan kayan ɗaki ma manne suke da gini: ƙaton kabad mai wurin zama a zaure, jan kabad ɗin kwanuka a ɗakin cin abinci, da wata doguwar kujera mai 'yar baranda a kanta a falon sama. Rashin samun kayan da suka kwanta musu a rai a kasuwa shi ya haifi kamfanin Morris, Marshall, Faulkner a 1861.

Gida ne da aka ɗinka a jikin iyali ɗaya: babbar ƙofa ɗaya, zaure ɗaya, babbar matakala ɗaya, madafa ɗaya. Yana da aibinsa kuma. Manyan ɗakunan arewa suke kallo, a ƙasar da rana ke ratsawa ta kudu, don haka gida ne mai sanyi.

Amma tun Morris na ciki aka so mayar da shi na iyali biyu. Kullum yana ɓata awa uku zuwa huɗu a hanya, keken doki zuwa tashar Abbey Wood mai nisan mil uku, sannan jirgin ƙasa zuwa ma'aikatarsu a Landan, da yamma a sake. A 1864 aka yanke shawara: Webb ya zana ƙarin fiffike da zai ƙara kewaye tsakar gidan, Burne-Jones da matarsa Georgiana su zauna a ciki, a kuma kwaso ma'aikatar a dawo da ita kusa. Zanen ya kammala. A ƙarshen shekarar jan zazzaɓi ya kama Georgiana tana da ciki, ta haifi bakwaini, jaririn ya rasu bayan 'yan makonni. Burne-Jones ya janye, ga baƙin ciki ga ƙarancin kuɗi. Morris kansa yana kwance da zazzaɓin gaɓoɓi, kuɗin mahaƙa kuma na ja da baya. A 1865 ya kwashe matarsa da 'ya'yansa mata biyu, Jenny da May, waɗanda a gidan aka haife su, suka koma Queen Square a Landan, gini ɗaya da ma'aikata. Abin da ke manne da bango ya bar shi a nan. Bai sake taka gidan ba har ya mutu a 1896.

Daga nan gidan ya yi ta sauya hannu. Charles Holme, wanda ya kafa mujallar The Studio, ya zauna a ciki a ƙarshen ƙarnin. A shekarun 1930 gari ya cim masa, gonaki da lambunan kewaye suka zama layi-layi na ƙananan gidaje 'yan tagwaye, bango ɗaya gida biyu. Lokacin yaƙi na biyu wata hukumar agajin gwamnati ta mayar da shi ofis.

Abu biyu suka kashe kasuwar irin waɗannan gidaje a duk faɗin ƙasar. Na farko 'yan aiki. Gidan zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, an gina shi ne da tabbacin akwai wadda za ta tashi da asuba ta kwashe toka, ta hau bene da bokitin kwal, ta hura murhu a kowane ɗaki, ta kai ruwan zafi sama ta sauko da na datti. Ƙidayar 1891 ta samu mata fiye da miliyan ɗaya suna aikatau a gidajen Ingila da Wales. Yaƙin farko ya buɗe wa 'yan mata ƙofar masana'antu da kantuna da ofisoshi, na biyu ya ƙarasa abin da ya rage. Matar gida ta waiga ta ga ɗakuna da murahu birjik, ga ta ita kaɗai. Abu na biyu ƙyama. Jikokin mutanen Biktoriya sun tashi ba su ganin komai a ginin kakanninsu sai duhu da tarkace da almubazzaranci. Sai a 1958 aka kafa ƙungiyar kare gine-ginen zamanin, Victorian Society, ta su John Betjeman da Nikolaus Pevsner, kuma a babban karonta na farko ta sha kaye, tana ji tana gani aka rushe ƙatuwar ƙofar tashar Euston a 1961 zuwa 1962. Tashar St Pancras da otal ɗinta da kyar suka sha, bayan an sa su a mataki na ɗaya a 1967.

Ita kanta dokar kariya a hankali ta yi ƙarfi. Tsatsonta na komawa ga Morris, domin shi da Webb da wasu suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877, suna wa'azin a riƙa gyara kaɗan-kaɗan a kai a kai, a daina kankare tsohon gini ana sake shi sabo da sunan maido da shi asali. Bama-baman Jamus ne suka sa gwamnati ta fara rubuta sunayen abin da bai kamata a rasa ba, dokar tsara birane ta 1947 ta mayar da rubutun wajibi. Yau sunayen da ke jerin Ingila sun haura 370,000, fiye da kashi 90 cikin 100 a mataki na biyu, mataki na ɗaya kuwa kimanin kashi 2.5 ne kacal. Kariyar ba ta tsaya a fuskar gini ba, ta haɗa da ciki, da duk abin da ke manne, da katanga da rijiya da bargar doki in sun girmi Yulin 1948. Wanda ya sauya kamar ginin ba izini ya yi laifi, hukuncinsa tara ba iyaka ko ɗauri har na shekara biyu.

Sai dai sharaɗin neman izini a rubuce daga 1968 ya fara. A 1952 abin da doka ke nema shi ne mai gida ya sanar da hukuma wata biyu kafin ya rushe ko ya sauya, in ta tashi ta hana, in ta yi shiru shi ke nan. Da Hollamby da Toms sun so su datse zauren nan da bango, su huda sabuwar ƙofa, su sare matakala su yi ƙanana biyu, ba lallai a sami mai tare su ba. Mutanen zamani ne kuwa, masu zana dogayen benayen kankare, tsarar da ta fi kowa ƙyamar ginin Biktoriya. Ba su yi ba, kuma shaida na nan a tsaye: matakalar ɗaya ce har yau, kabad ɗin zaure na wurinsa, hotunan Burne-Jones na bangonsu, rijiya na sanye da hularta. Suka toshe yoyon rufi, suka gyara abin da ya lalace, suka raba ɗakuna tsakaninsu, abin da ba ya rabuwa suka bar wa haƙuri. Wannan haƙurin nake girmamawa, domin kukan jaririn wani da baƙin wani da takun wani a kan katako da tsakar dare ba abu ne mai sauƙi ba, kuma bango ɗaya na bulo da ya yi maganinsu cikin mako guda.

A 1957 iyalin Toms suka tashi, iyalin wata abokiyar aikin Hollamby suka maye gurbinsu, aka ci gaba da zaman biyu har 1964, sannan gidan ya zama na su Hollamby su kaɗai. Shekara 12 ke nan yana ɗauke da iyali biyu, ba tare da an ƙara fiffiken da Webb ya zana ba. A cikin waɗannan shekarun ne Hollamby ya jagoranci tsara unguwar Brandon a Kennington, inda aka gina dogayen benaye amma aka bar wasu layukan tsofaffin gidajen Biktoriya aka gyara su, a lokacin da al'ada ita ce a share fili ƙaf a fara sabo. Daga baya ya zama shugaban masu zanen gine-gine na ƙaramar hukumar Lambeth. Ba na raba ɗaya biyu, mutumin da ke komawa rabin tsohon gida kowace yamma ba zai kalli layin tsofaffin gidaje da idon mai katafila ba.

Abin da su Hollamby suka yi da kunya da sanin darajar abu, shi ne yau doka ke nema da takarda. Gidan Biktoriya ana raba shi ko dai a kwance, na sama da na ƙasa, ko a tsaye in mai faɗi ne. Dogayen gidajen layi na Landan sun fi karɓar yankan kwance, domin tun asali a rabe suke tsakanin masu gida da barori. Madafa tana ƙarƙashin ƙasa, da 'yar matakalarta daga titi wadda mai kawo nama da mai kawo madara ke bi, to ita ce ta zama ƙofar gidan ƙasa. Ɗakunan kuyangi a ƙarƙashin rufi sun zama na kwanan 'ya'yan gidan sama. Daga titi ba abin da ke nuna an raba sai ƙararrawa biyu a bakin ƙofa.

Wahalar a ciki take. Dokar gini na son a sa abin da zai tare wuta da ƙara tsakanin gida da gida, dokar kariya na son a bar silin da adonsa. Hanya mai sauƙi ita ce a rataya sabon silin a ƙasan tsohon a binne furannin filasta, kuma jami'in kula da kayan tarihi na ƙaramar hukuma yakan ƙi. Sai a bi ta sama: a ɓamɓare katakon daɓe ɗaya bayan ɗaya, a sa wa kowanne lamba, a cusa abin tare ƙara da wuta tsakanin azara, a mayar da kowanne gurbinsa. In dole sai an ja sabon bango a cikin ɗaki, a yi shi da katako mara nauyi, a yanka bakinsa ya bi lanƙwasar adon silin, kada a sare adon don bango ya wuce. Ƙofar da ta haɗa sashen wannan da na wancan ba a cire ta, sai a kulle, a toshe ta baya, a bar ta da mariƙinta tana kallon ɗaki. Bututun sabon banɗaki a bi da shi ta inda ba zai ɓata fuskar gini ba. Bulo kuma a liƙa shi da kwaɓin farar ƙasa irin na da, domin siminti ya fi tsohon bulo tauri, yana kulle danshi a ciki, sanyin hunturu ya daskarar da shi fuskar bulon ta ɓare. Duk ƙa'ida ɗaya ake bi, wato abin da aka ƙara ya zama wanda za a iya cirewa wata rana gidan ya koma yadda yake.

Ko an yi da kyau akwai asara, ba zan ɓoye ba. Mai zane ya tsara yadda baƙo zai shigo daga ƙofa, ya ratsa zaure mai ɗan duhu, ya hau matakala, sannan falo ya buɗe masa da haske. Da zarar an raba, ba mazaunin da ke samun wannan tafiya cikakkiya. Na ƙasa bai san hasken falon sama ba, na sama yana hango lambu ta taga. Mafi muni shi ne inda aka rufe matakala cikin akwatin katako don kowa ya sami sirrinsa, gidan da aka yi wa haka sai ka shiga ka rasa inda ya dosa.

Mu da muka san gidan gado wannan ba baƙon abu ba ne. Mai gida ya rasu, a ja katanga a tsakar gida, a huda sabuwar ƙofa ta lungu, amma zaure da rijiya da kwata ba sa rabuwa, kuma a kansu zumunci ke ɗorewa ko ya lalace. A Ingila rufi ne ke wannan matsayi. Takardar mallaka biyu ce, amma a jerin gwamnati gini ɗaya ne. Na ƙasa zai biya rabonsa na gyaran tayil ɗin da ba ya gani, na sama ya biya na magudanar da ke ƙarƙashin ɗakin wani. Ɗaya ba shi da ikon sauya tagoginsa zuwa na roba ya bar na maƙwabcinsa na katako.

Akwai wanda ya warware matsalar tun a takarda. A Gilasgo, a 1856 zuwa 1857, Alexander Thomson ya gina gida biyu a jiki ɗaya a unguwar Langside. Maimakon ya kifa zanen ɗaya ya ba da ɗayan, yadda aka saba da gidaje 'yan tagwaye, sai ya juya shi gaba ya koma baya, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. Ta kowace fuska ka zo babban gida ɗaya kake gani, gaban wannan haɗe da bayan wancan. Yana mataki mafi girma a jerin Sikotilan, kuma ba tabon rabo a jikinsa.

Ba kowane rabo ne ya yi albarka ba. A shekarun da iyali biyu ke lallaɓa Jan Gida, a Notting Hill masu gidajen haya irin su Peter Rachman suna daddatsa manyan gidajen Biktoriya ɗaki-ɗaki, suna cusa 'yan ci-rani daga tsibiran Karibiyan waɗanda wasu masu gidaje suka ƙi ba haya saboda launin fatarsu, suna tatsar su. Gini ya wulaƙanta, mutum ya fi shi wulaƙanta. Daga shekarun 1960 masu ɗan abin hannu suka fara dawowa waɗannan unguwanni suna gyarawa, yanzu kuwa abin ya juye gaba ɗaya, attajirai ne ke sayen sassan suna rushe bangon tsakani suna mayar da gidan guda. Ƙananan hukumomin Westminster da Kensington da Chelsea sun sa wa hakan takunkumi, domin duk haɗewa ɗaya muhallin wani iyali ne ya ɓace a birnin da ke fama da ƙarancin gidaje. Ina bayansu. Gidan da aka gina don ya ɗauki iyaye da 'ya'ya da barori, in ya koma hannun mutum biyu da ke rabin shekara a wata ƙasa, bangonsa kawai aka maido, kuma ya fi nisa da asalinsa fiye da lokacin da yake da ƙararrawa biyu.

Bayan ya yi ritaya Hollamby ya riƙa buɗe Jan Gida ga masu ziyara, ya rubuta littafi a kansa a 1991, ya rasu a 1999. A 2003 ƙungiyar National Trust, mai riƙon amanar gidajen tarihi, ta saye shi, masana suka shiga bincike. A 2013 aka sanar da cewa a ɗakin kwanan Morris, bayan wani kabad ɗin tufafi da takardar ado da aka liƙa a bango, an gano cikakken zane na mutanen Littafin Farawa na Baibul, Adamu da Hauwa'u, da Nuhu riƙe da ɗan jirgi, da Rahila, da Yakubu, wanda masana ke ganin hannun Morris da abokansa ne a ciki. Ya tsira ne don waɗanda suka bi ta ɗakin cikin shekaru kusan 150 rufe shi suka yi, ba su kankare ba, ba su rushe bangon ba. Da an tsaga ɗakin an yi banɗaki biyu, da ba wanda zai taɓa sanin an yi shi.

Na yi murna da gidan ya faɗa hannun masu iya riƙe shi, rufinsa ba zai sake yoyo ba mai kula ba. Amma yanzu gidan kallo ne, ana shiga da rana a fita da yamma, kuma masu gidan kallo suna da sha'awar komar da komai ga shekarar da ta fi suna. Morris ya yi shekara 5 a ciki. Hollamby ya yi 47, matarsa Doris ta yi kimanin 50. Roƙona ga masu riƙon gidan shi ne kada himmar tono 1860 ta share sawun waɗanda suka zo daga baya. A bar wani abu na zaman iyali biyu a inda ido zai gan shi, a kuma nuna wa mai ziyara ɗakunan da kowane iyali ya riƙe, domin dubban mutanen da ke zaune a rabin tsofaffin gidaje a Ingila yau sun fi bukatar wannan darasin fiye da na fentin silin.